Shafin da Ta Ƙi Wucewa: Nazarin Amfani da Littattafan Hotuna Wajen Taimakon Wata Yarinya Bayan Rashin Lafiyar Mahaifiyarta

Yadda lamarin ya faro

Yarinyar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 7, tana aji biyu na firamare, lokacin da mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a gabanta wata safiya ana shirin tafiya makaranta. An sakaya sunanta da na iyayenta da na makarantar. A asibiti likitoci suka tabbatar da cewa shanyewar ɓarin jiki ce, wadda ta samo asali daga toshewar wata jijiyar jini a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Da yake wannan ɓangare ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a nan cibiyoyin magana suke a wajen akasarin mutane, sai hannu da ƙafar dama suka saki, magana kuma ta sarƙe. Mahaifin ya tare a asibiti yana jinya, aka mayar da yarinyar hannun ƙanwarsa, wadda take kira Gwaggo.

Kafin wannan rana ba a san yarinyar da wata matsala ba, a gida ko a aji. Abin da aka gaya mata game da ciwon bai wuce jimla ɗaya ba: «Umma ba ta da lafiya, amma ta kusa dawowa.» Ba a kai ta asibiti ba, kuma duk sa'ad da ta shigo ɗaki manya suna zancen mara lafiyar, sai su yi shiru ko su sauya magana.

Mako na 1 zuwa na 3: alamomin da aka gani

Malamar ajinta ce ta fara lura da cewa yarinyar tana yawan neman izinin fita da kukan ciwon ciki, ta daina ɗaga hannu, kuma idan aka ba ta aikin da ta saba yi cikin sauƙi sai ta ajiye fensir ta ce ba za ta iya ba tun kafin ta gwada. A gida kuma fitsarin kwance ya dawo bayan shekaru da rabuwa da shi, ga firgita cikin barci. Likita ya duba ta bai sami komai a cikin nata ba.

Malamar da Gwaggo suka amince kowacce ta riƙa rubuta abu ɗaya tak a takarda: malama ta ƙirga ranakun da ta fita aji saboda ciwon ciki, Gwaggo ta ƙirga dararen da ta farka a firgice. A mako na 3 ta fita aji kwana 4 cikin 5, ta farka dare 5 cikin 7. Akwai ma'aunin kyakkyawan fata na yara da masanin halayyar ɗan Adam C. R. Snyder da abokan aikinsa suka fitar a 1997, mai tambayoyi 6, amma an tsara shi ne don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, saboda haka ba a yi amfani da shi ba, aka tsaya a kan waɗannan ƙirge-ƙirge biyu har ƙarshe.

Mako na 4 zuwa na 6: yunƙuri na farko

Gwaggo ce ta fara kawo shawarar littafi, da niyyar faranta wa yarinyar rai kafin barci. Ta zaɓi wani littafi mai launuka masu haske wanda ke ba da labarin ɗan tsuntsu da uwarsa ta yi nisa, ya yi ta jira, har a shafin ƙarshe ta sauko a kan sheƙa lafiya lau ta rungume shi da fukafukanta. Yarinyar ta so littafin ƙwarai, kullum shi take nema, kuma takan yi saurin buɗe shafuka don ta isa na ƙarshe. A mako na 5 farkawar dare ta sauka zuwa 3, kowa ya ɗauka an samo bakin zaren.

A ƙarshen mako na 6 aka kai ta asibiti karo na farko, ba tare da an bayyana mata abin da za ta tarar ba. Ta iske mahaifiyarta da baki a karkace, hannu a yashe a kan bargo, tana ta ƙoƙarin kiran sunanta amma sunan ya ƙi fita. Yarinyar ta maƙale a bayan Gwaggo ta ƙi matsawa kusa da gadon. Da dare aka ɗauko littafin kamar yadda aka saba, sai ta ture shi ƙarƙashin gado ta ce: «Gwaggo, a littafin ba haka ta dawo ba.» A makon da ya biyo baya ta farka dukkan dare 7.

Mako na 7: yunƙuri na biyu

Malamar ta ga cewa littafin farko ya yi nisa da gaskiya, sai ta nemo wanda ya faɗi abin kai tsaye: labarin wani yaro da mahaifinsa ke kwance a asibiti, da hotunan gadaje da ma'aikatan jinya da keken marasa lafiya. Ta karanta shi a gaban aji duka, tana tunanin hakan zai sa 'yan ajin su tausaya, ita kuma yarinyar ta san ba ita kaɗai ba ce. Tun a shafi na uku yara suka fara waiwayenta, wani ma ya faɗa da ƙarfi cewa irin na mamanta ne. Da aka gama, malama ta tambayi darasin da aka koya, ta kira sunanta, yarinyar ta miƙe ta ce: «Mu riƙa yin haƙuri.» Amsar ta yi daidai da abin da ake so a ji. Kwana biyu bayan haka ba ta zo makaranta ba.

Mako na 8 zuwa na 11: sauya hanya

A nan ne jami'ar ba da shawara ta makarantar ta shigo cikin lamarin, ta zauna da malamar da Gwaggo da mahaifin. Ta bayyana musu cewa masu amfani da karatu wajen taimakon masu damuwa sun daɗe suna bin matakai uku da Caroline Shrodes ta zayyana tun wajen 1950: mai karatu ya fara ganin kansa a jikin wani na cikin labarin, sannan abin da ke cikin zuciyarsa ya sami hanyar fita, daga ƙarshe ya fahimci halin da yake ciki da sabon ido. Matakan suna tafiya ne a jere, kuma yaron ne ke taka su da ƙafarsa, ba a ɗaukarsa a dire shi a na uku.

Aka tsara sabon shiri. Karatun zai koma na mutum biyu, minti 15, sau uku a mako, a wani lungu na ɗakin karatu tare da malamar, da dare kuma tare da Gwaggo idan yarinyar ta nema. Littafi ɗaya za a riƙe, kuma marar rubutu ko kaɗan, hotuna zalla. Irin waɗannan littattafai ne ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, ta fara tattarawa a 2012 don yaran 'yan gudun hijira da ke sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya, saboda ba sa buƙatar a san wani harshe kafin a shiga labarinsu. Salon karatun kuma an aro shi ne daga hanyar da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988, inda babba yake komawa mai tambaya da sauraro, yaro ya zama mai ba da labari. Asalin wannan hanya don bunƙasa harshen ƙananan yara aka yi ta, amma tsarinta ya dace da abin da ake nema a nan. An hana tambayar darasi, an hana kwatanta labarin da rayuwar yarinyar sai idan ita ce ta fara, kuma ita ce mai buɗe shafi.

Littafin da aka zaɓa ba ya maganar ciwo ko asibiti. Labarin wata 'yar bushiya ne da ke zaune a gindin wata babbar bishiya, guguwa ta zo da dare ta tumɓuke bishiyar, ta fita neman mafaka, ta gwada wuri uku duk ba su yi ba, a ƙarshe ta haƙa rami a ƙarƙashin kututturen da ya faɗi, tare da taimakon wani ɓera. Bishiyar ba ta sake miƙewa ba har shafin ƙarshe.

Makonni biyu na farko ba su haifar da wani abin a-zo-a-gani ba. Yarinyar tana nuna abubuwa ne kawai tana kiran sunansu, ga ganye, ga wata, ga ruwa, sannan ta rufe. Malamar ta rubuta cewa abin da ya fi ba ta wuya shi ne kame baki, domin sana'arta ta saba mata da cike duk wani shiru da bayani. A mako na 10 yarinyar ta fara tsayawa a shafi guda: bishiya a kwance, saiwoyinta a sama, 'yar bushiyar kuma can a kusurwar ƙasa ta hagu, ƙarama ƙwarai, ta juya wa mai kallo baya. Takan ɗora yatsa a kanta ta daɗe ba ta ce komai ba, kuma zama huɗu a jere lokaci yana ƙarewa ba a wuce wannan shafi ba. Ba a matsa mata ba. Ciwon ciki a wannan lokaci yana nan tsakanin kwana 2 zuwa 3 a mako, farkawar dare tsakanin 4 zuwa 5.

Mako na 12: abin da ya fito

A zama na biyar a kan shafin, malamar ta tambaye ta a hankali: «Me kike jin take tunani a nan?» Yarinyar ta ce: «Tana tunanin ita ce ta kayar da bishiyar.» Malama ta ce: «Ta yaya ƙaramar bushiya za ta kayar da babbar bishiya?» Ta amsa: «An ce ta daina, ta ƙi dainawa.» Malamar ba ta yi gardama ba, ta ce lallai wannan tunani ne mai nauyi ga 'yar bushiya ta ɗauka ita kaɗai, ta tambaya ko akwai wanda ta gaya wa. Yarinyar ta girgiza kai, ta fashe da kuka, kuma wannan ne kukanta na farko a makaranta tun faruwar abin.

Da aka bi diddigi sai ta bayyana cewa a safiyar ranar ta ƙi sa takalmi, mahaifiyar ta ɗaga murya ta ce mata za ta sa mata ciwon kai, kuma ba a yi minti biyar ba ta faɗi. Kusan wata uku ke nan tana ɗauke da yaƙinin cewa ita ce sanadi, shirun manya kuma ta fassara shi da cewa sun sani suna ɓoye mata fushinsu. Irin wannan tunani sananne ne ga yara a wannan shekaru. Tun zamanin Jean Piaget masana halayyar yara suke bayanin yadda ƙaramin yaro ke haɗa abubuwa biyu da suka faru a jere ya mayar da na farko sanadin na biyu, musamman idan na farkon aikinsa ne ko tunaninsa.

Jami'ar ba da shawara ta nemi mahaifin ya zama shi ne zai warware wannan, ba malama ba. Ya zaunar da ita, ya zana mata kai a takarda da jijiyoyi a ciki, ya ce jijiyar jini kamar bututun ruwa take, idan wani abu ya toshe ta sai wurin da take kai wa jini ya daina aiki, kuma toshewar ta daɗe tana taruwa tun kafin wannan safiya. Ya ce mata: «'Yata, ko kin sa takalmin ko ba ki sa ba, da hakan ya faru. Ba ke ba ce.» A ziyara ta gaba likitan da ke kula da mahaifiyar ya maimaita mata haka da bakinsa. Ta sake tambayar mahaifin wannan magana sau da yawa a makonnin da suka biyo baya, kullum yana ba ta amsa iri ɗaya. A mako na 13 ta buɗe shafin da ke gaba da kanta.

Wata na 4 da na 5: rabin littafin na biyu

Sai a wannan mataki aka shiga maganar kyakkyawan fata gadan-gadan, bisa fahimtar Snyder, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kansas, wanda tun 1991 ya bayyana cewa fata mai amfani ƙafa uku gare shi: abin da mutum yake son cimmawa, hanyoyin da yake iya hangowa zuwa gare shi, da amincewar cewa shi da kansa zai iya taka waɗannan hanyoyi. Shafukan da 'yar bushiya ke gwada mafaka suna rushewa sun dace da wannan ƙwarai. A kowane wuri da ya ƙi, malamar takan tambaya: «To, yanzu me kuma za ta iya gwadawa?» Da farko amsar ita ce «ba komai». Daga baya ta fara kawo dabara ɗaya, sannan biyu, wasu ma na ban dariya, kamar a ce bushiya ta hau bayan kwaɗo. Haka nan aka riƙa sanya wa fuskokin dabbobin suna: wannan tsoro ne ko fushi, wannan gajiya ce ko baƙin ciki, kuma za a iya jin biyu a lokaci guda?

A wata na 5 aka ɗinke mata fararen takardu ta fara nata littafin. Bayan kowace ziyara takan zana abu biyu: abin da Umma ta iya yi a ranar, da abin da ita ta yi. Umma ta riƙe kofi da hannun hagu, ita ta riƙe mata gindin kofin. Umma ta ce «ruwa», ita ta nuna mata hoton ruwa. An kafa sharaɗi cewa ranar da babu wani ci gaba ita ma za a zana ta, kuma akwai irin waɗannan shafuka da dama. Mai koyar da magana a asibitin ta ƙarfafa a riƙa zuwa da littafin bushiyar, domin nuna hoto da kiran sunansa yana cikin atisayen da ake yi wa masu irin wannan lalura. A ƙarshen wata na 5 ciwon ciki ya koma kwana 1 a mako ko babu, farkawar dare 2, fitsarin kwance kuma ya tsaya.

Wata na 6: dawowa gida da koma-baya

An sallami mahaifiyar a kan keken marasa lafiya, yarinyar ta koma gidansu. Duk da bayanin da aka yi mata, ta ƙulla a ranta cewa sallama na nufin warkewa. Cikin kwana goma fitsarin kwance ya dawo, farkawa ta hau zuwa dare 5, ga wani sabon abu, wato fushi: ta daka wa mahaifiyar tsawa don ta kasa amsa mata tambaya, ta yage shafi biyu daga littafinta, ta ce ba ta son ganin kowane littafi. Ba a tilasta mata ba, amma malamar ta ci gaba da zama da ita minti 15 ɗin nan ko da ba a buɗe komai ba. Jami'ar ba da shawara ta ga abin ya wuce hurumin makaranta, ta tura iyalin wajen masaniyar halayyar yara, wadda ta yi zama da yarinyar da iyayen tare na tsawon wata biyu. Bayan mako uku yarinyar ta ɗauko littafin bushiyar da kanta, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ce wa malama ba ta taɓa lura ba cewa bishiyar har yanzu a kwance take.

Wata na 9: inda aka tsaya

A watan ƙarshe na bibiya ta fita aji da ciwon ciki sau ɗaya kacal, tana farkawa kamar dare 1 a mako, fitsarin kwance bai sake dawowa ba, kuma ta koma ɗaga hannu a aji. Mahaifiyar tana tafiya da sanda, tana yin gajerun jimloli, hannun dama bai dawo ba. Akwai abin da ya rage: idan mahaifiyar ta yi barci da rana, yarinyar takan je ta tsaya a kanta ta tabbatar tana numfashi.

Hukunci a kan abin da ya yi aiki da dalilinsa

Lamari ɗaya ba ya isa hujjar cewa littafi ne ya kawo sauƙin, domin lokaci ya wuce, mahaifiyar ta samu sauƙi, an gaya wa yarinyar gaskiya, kuma ƙwararriya ta sa hannu. Abin da tsarin faruwar abubuwan ya nuna a fili shi ne aikin da kowane littafi ya yi da wanda ya kasa yi.

Littafin ɗan tsuntsu alkawari ya yi wa yarinyar, alkawarin da babu wanda ke da ikon cikawa, kuma ɗan tsuntsun bai yi komai ba sai jira. Sauƙin da aka gani a mako na 5 na gaske ne, sai dai an jingina shi da wani abu da ke wajen ikonta, shi ya sa ya rushe a ziyara ɗaya, ya tafi da wani ɓangare na amincewarta da maganar manya. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa, domin daga ƙauna yake fitowa, kuma sakamakonsa na farko yana ruɗar mai lura. Littafin asibiti kuwa gaskiya ya faɗa, amma ya faɗe ta a bainar jama'a, ya cire tazarar da yaro ke buƙata don ya yi maganar kansa da sunan wani, tambayar darasi kuma ta koya mata ta miƙa amsar da ake so ta riƙe tata.

Littafin bushiya ya yi tasiri ne saboda bai gaya mata abin da za ta ji ba. Rashin rubutu ya bar gurbi, juya bayan da 'yar bushiya ta yi ya ba yarinyar damar ɗora mata fuskar da ta ga dama, kuma ikon buɗe shafi da aka bar mata ya nuna wa manya ainihin inda ciwon yake. Babu wani babba da ya yi zaton tana zargin kanta, saboda haka babu littafin da za a zaɓa da gangan don wannan. Kuma jerin matakan yana da muhimmanci: tambayar «me kuma za ta iya gwadawa» ba za ta yi ma'ana ga yarinyar da ta yi imanin ita ce ta kayar da bishiyar ba, sai bayan an sauke mata wannan nauyi da bayani na gaskiya daga bakin mahaifinta.

Binciken da Emmy Werner ta jagoranta a tsibirin Kauai na Hawai, wanda ya bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun girma lafiya, kuma daga cikin abubuwan da suka fi bambanta su akwai samun aƙalla babba ɗaya mai kula da su da gaske. Masaniyar halayyar yara Ann Masten ma a 2001 ta nuna cewa juriyar yara daga abubuwan yau da kullum take tasowa, ba daga wata baiwa ta musamman ba. Makonni uku na wata na 6 sun dace da wannan, domin ba a buɗe littafi ba amma zaman bai yanke ba, kuma wurin wannan zama yarinyar ta dawo da littafin.

Abin da ya kamata a yi tun da wuri shi ne shirya ta kafin ziyarar farko da kafin sallama, da kuma tura iyalin wajen ƙwararriya tun a mako na 12, lokacin da zargin kai ya bayyana, maimakon jiran koma-baya. Da za ta shiga aji uku, an miƙa wa sabuwar malamarta takardun ƙirgen biyu, aka rage zaman zuwa sau ɗaya a mako, da sharaɗin a mayar da shi uku idan ciwon ciki ya kai kwana 2 a mako biyu a jere.